Tafkin da ke ƙafewa tun kafin sanyi ya fita: yadda muka nemi wurin tara ruwan sama a wani ƙauyen Sakkwato

Idan ka bar birnin Sakkwato ka kama hanyar Illela, bayan ka wuce Gwadabawa akwai wani ƙauye da ake ratsewa zuwa cikinsa ta hannun hagu, tafiyar kamar minti ashirin a kan babur daga bakin kwalta. Can ne garin kakannina na wajen uwa. Ba zan kama sunansa ba, domin a cikin labarin nan akwai maganar gonar gado da ta wani ɗan kwangila, kuma duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Gabas da garin akwai wani makeken rami da mutane ke kira dam, ko da yake ba gulbi aka tare ba. An haƙa shi shekarun baya da katafila, cikin mako biyu. Tsawonsa ya kai mita 100, faɗinsa mita 60, amma zurfinsa bai wuce ƙirjin babban mutum ba. A watan Agusta yakan cika ya batse har mutanen ƙauyukan kusa su zo kallo. Kafin tsakiyar Disamba ba abin da za ka tarar a ciki sai ɓawon taɓo da sawun shanu. Daga nan sai a koma wa rijiyoyi biyu na garin, masu zurfin da ya haura gaba ashirin, mata da yara na ja, dabbobi na tsaye suna jira, har zuwa faɗuwar ruwa a watan Yuni.

Kawuna ne ya kira ni. Ƙungiyar ci gaban garin ta tara kuɗi, mafi yawa daga 'yan garin da ke ci-rani a Legas da Fatakwal, ana so a ƙara wa dam ɗin faɗi. Ya san na karanta labarin ƙasa kuma aikin zana taswira nake yi, sai ya ce in zo in duba kafin a kira mai katafila. Na roƙi a ba ni rani ɗaya.

Ruwan da ke sauka da wanda rana ke sha

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ƙarancin ruwan sama ne ciwonmu. A shekara mai matsakaiciyar damina yankin birnin Sakkwato yana samun milimita 600 zuwa 700, yana raguwa idan an nausa arewa wajen iyakar Nijar. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan kadada guda da ta sami milimita 600 ta karɓi lita miliyan shida. Wannan ba ɗan ruwa ba ne. Sai dai kusan dukkansa yana zuba ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya cikin sa'a ɗaya ko biyu, sannan a shiga wata takwas ba ɗigo. A waɗannan watannin rana da iska suna kwasar ruwan da ke buɗe a fili. Abin da suke sha a shekara yana kai mita biyu, kuma a Maris da Afrilu yakan kusanci santimita ɗaya kowace rana.

Manyan madatsun ma ba su tsira ba. Ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, an gina ta don ɗaukar kubik mita miliyan 942, kowace kubik mita kuwa lita 1,000 ce. A Satumbar 2010 ambaliya ta wannan gulbin ta cinye garuruwa da gonaki har ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya janye har ya rage kusan kashi ɗaya bisa goma. Garin kakannina yana kan tudu, nesa da fadamar Rima, bai taɓa shan ruwan Goronyo ba. Ruwansa shi ne wanda ya faɗo a kan ƙasarsa.

Kafin mu buɗe kwamfuta sai da muka zauna a ƙofar gidan hakimi muka yi lissafin abin da ake bukata. Tun a zaman farko aka yarda tafkin ba na sha ba ne. Dattawa ba su manta da kurkunu ba, wadda a ruwan kududdufi ake ɗaukarta, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Tsargiya kuwa har gobe tana nan a wuraren da yara ke wanka a kwantaccen ruwa. Aka tsayar cewa tafkin na dabbobi ne, da wanki, da kwaɓa ƙasar gini, don a rage wa rijiyoyi nauyi su ishi bakin mutane. Muka ɗauki shanu 300 a kan lita 30 kowace, tumaki da awaki 1,000 a kan lita 5, muka ƙara jakuna da raƙuma da wanki, lissafi ya tsaya a wajen lita 20,000 a rana. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu kwana 240 ne. Wato lita miliyan 4.8, ban da rabon rana da rabon ƙasa.

Abin da taswirar farko ta ce

Na bi hanyar da aka saba bi a irin wannan aiki. Na sauko da taswirar tudu da kwari ta SRTM, wadda wani kumbon Amurka ya auna a Fabrairun 2000, ana kuma samunta kyauta a intanet. Ta raba doron ƙasa gida-gida, kowane gida mita 30 a tsaye 30 a kwance, da lambar tsayinsa. Da manhajar QGIS na sa kwamfuta ta fitar da gangare, ta zana hanyoyin da ruwa zai bi, ta kuma nuna girman filin da ke zubo wa kowane kwari ruwa. Na ɗora taswirar irin ƙasa, da ta amfanin ƙasa, da ta ruwan sama ta CHIRPS wadda ke da bayanai tun 1981, da nisan kowane wuri daga gidaje. Sannan na ba kowanne nauyinsa bisa tsarin da Thomas Saaty ya fito da shi a shekarun 1970, inda ake gwada abubuwa biyu-biyu a ce wanne ya fi muhimmanci kuma da nawa. Kwamfuta ta haɗa, ta fito da taswira mai launi: kore ga wuri mai kyau, ruwan ɗorawa ga matsakaici, ja ga wanda bai dace ba.

Fiye da rabin ƙasar garin ta fito kore. Tsohon dam ɗin da ke ƙafewa a Disamba yana tsakiyar koren da ya fi duhu.

Na daɗe ina kallon wannan taswira kafin in gane inda matsalar take, kuma ina ganin duk mai irin wannan aiki a ƙasarmu ya kamata ya san ta. Taswirar ruwan sama kowane gidanta ya kai kilomita biyar, saboda haka ƙasar garin gaba ɗaya ta faɗa cikin gida biyu ko uku masu lamba kusan ɗaya. Tana da amfani ga mai kwatanta Kebbe da Gada, amma ba ta bambanta gabashin ƙauye da yammacinsa. Gangare ma haka: ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kusan ko'ina ya ci jarrabawa. Taswirar irin ƙasa kuwa an zana ta ne don a kalli jiha ko ƙasa baki ɗaya, ta shafe yankin da launi guda, alhali manomin garin zai lissafo maka jigawa, da fako, da laka, da marmara, da ƙasa mai tsakuwa cikin tafiyar rabin sa'a. Abu ɗaya ne ya rage da ke rarrabe wurare, shi ne inda ruwa ke taruwa. Don haka taswirar ta nuna mini inda ruwa ke zuwa, ta yi shiru a kan inda yake zama. Ɗan kwangilar da ya haƙa tsohon dam ma da ido ya ga inda ruwa ke taruwa a Agusta ya sa katafila a wurin.

Akwai kuskure na biyu. Awon SRTM yana iya kaucewa da 'yan mitoci a tsayi, a ƙasar da tudun rabin mita ke juya akalar ruwa. Kuma tun 2000 aka yi shi. Bayan nan an ɗaga wata hanyar marmara da ta ratsa yammacin garin, aka sa mata kwalbati ɗaya tak. Kwamfuta ta zana korama tana ƙetare wurin da yanzu hanya ta tare, alhali ruwan yana bin gefen hanyar ne ya tattaru ya fita ta kwalbatin, ya zube a wani kwari da taswirata ta ba ruwan ɗorawa.

Ban yar da taswirar ba. Ta yi mini aiki ɗaya mai kyau: ta rage fili mai faɗin gaske zuwa kwaruruka biyar da za a iya takawa da ƙafa, ta kuma ba ni girman filin da ke zubo wa kowanne ruwa, abin da ido ba zai iya aunawa ba.

Hotunan kaka da maginin rijiya

Dabarar da ta fi amfani ta fi sauƙi. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk bayan kwana biyar, kowane gidan hoto mita 10. Da kaka sararin Sakkwato ba gajimare. Sai na jera hotunan Oktoba, Nuwamba da Disamba na shekaru biyar a jere, ina duba wane kududdufi ne ke riga ƙafewa, wanne ne ke jurewa. Ƙasa da kanta ta riga ta yi gwajin, kowace shekara, ba wanda ya biya ta. Tsohon dam yana raguwa da sauri kamar an huda shi. Amma a yamma, ƙasan kwalbatin nan, akwai wani ɗan tabo baƙi wanda bai kai rabin filin ƙwallo ba, yana nan har ƙarshen Nuwamba kowace shekara, alhali zurfin ruwansa bai kai gwiwa ba.

Na kai wa kawuna hoton a waya. Ya ce ai kwarin da ake kira Giyayyu ne, kuma in maganar ƙarƙashin ƙasa nake nema, akwai wanda ya fi shi sani. Ya kai ni wurin wani tsoho maginin rijiya, wanda ƙarfi ya ƙare masa amma hankalinsa garau. Muka same shi a zaure yana tufkar igiya. Na gaishe shi, na ce, "Baba, dam ɗin gabas ake son ƙara wa faɗi, na zo in ji ta bakinka."

Ya ce, "Ɗana, ni ban san taswira ba, amma rijiya goma sha na gina cikin ƙasar ga. Inda anka yi dam ɗin ga, kamu ukku ka iske rairai, kuma rairai na har ƙasa. Ko ka kai shi Gwadabawa don hwaɗi, bai riƙon ruwa. Da anka zo ginar shi na hwaɗa, ba wanda yas saurara."

Na tambaye shi Giyayyu. Ya ajiye igiyar. Ya ce nan laka ce mai danƙo, can ne matan garin ke ɗibar yumɓun tukwane tun yana yaro, kuma giyayya ba ta tsayawa sai inda ruwa ke kwanciya. Ya lissafo mini itatuwa kamar mai karanta allo: inda ka ga bagaruwa da dushe da giyayya, akwai laka, inda sabara ta yi yawa, jigawa ce mai shanye ruwa, geza kuwa kan marmara take, gawo da goriba suna nuna ruwa a ƙarƙashi, ba su nuna ƙasa mai riƙe na sama ba. Sannan ya yi mini kashedi: "In kunka gina, ku yi hankali. Ƙarƙashin lakar ga akwai hwarin dutse. In kac cim mai, tsaya. Shi ka shanye ruwa."

Abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke cikin littattafan ilimin duwatsu. Masana sun sa wa shimfiɗun ƙasar kwarin Sakkwato sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Farin dutsen da tsohon ke nufi shi ne irin wanda ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti. Yana da tsage-tsage da ramuka, ruwa na gudana a cikinsa, kuma daga gare shi ne maɓuɓɓugan da ke ciyar da tafkin Kware suke fitowa. Alheri ne ga mai rijiya, amma mai tafki in ya huda lakar da ke samansa ya buɗe wa ruwansa ƙofa.

Muka ɗauki samari shida da diga da shebur muka bi kwarurukan biyar. A kowanne muka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, muka cika shi da ruwa da yamma don ƙasa ta sha ta ƙoshi, da safe muka sake cikawa, muka kafa kara mai alama, muka rufe bakin da zana don rana kada ta shiga lissafi. Jaki ne ya yi jigilar jarkokin, kuma ba zan manta kallon da matan da ke bakin rijiya suka yi mana ba, ganin ana zuba ruwan da suka sha wuyar ja a cikin rami. A gindin tsohon dam, kafin la'asar ramin ya bushe ƙaƙas. A Giyayyu, bayan kwana ɗaya cur, ruwan bai sauka da faɗin yatsa biyu ba. Na ɗebo ƙasar wurin na jiƙa, na murza ta a tafin hannu ta zama kamar igiya, na lanƙwasa ta ta yi zobe ba ta tsage ba. Ta gabas ko dunƙulewa ba ta yi. Daga nan tsohon ya zauna a inuwa yana ba jikansa umarni, aka nutsa rami guda mai zurfi a tsakiyar kwarin. Laka ce tun daga rabin mita, sai da aka kai gaba uku, wato mita biyar da rabi, guntayen farin dutse suka fara fitowa a bokiti.

Sauran ukun ba su ɗauki lokaci ba. Ɗaya yana jikin maƙabarta, ba a ma tattauna shi ba. Ɗaya yana da laka mai kyau amma kilomita huɗu ne cikin daji ta arewa, kuma a halin da yankin ke ciki na rashin tsaro ba uban da zai tura ɗansa can da shanu da yamma. Na ƙarshe yana dab da gidaje, iyaye mata suka ce ba su yarda ba, saboda sauro da kuma ƙananan yara.

Gonar gado da burtali

A nan aikin ya kusa tsayawa. Rabin kwarin Giyayyu yana cikin gonar wasu magada bakwai da ba a raba ba, suna shuka dawa a gefensa, wani lokaci shinkafa a tsakiya. Biyu daga cikinsu suna ci-rani, ɗaya mace ce tana aure a wani gari. Ta ɗaya gefen kuma burtali ne ya wuce, wanda makiyaya ke bi da kaka. Manoman da ke kusa suka ce in aka yi tafki a nan, garken duniya zai sauka a kansu tun amfanin gona bai tashi ba. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma babu launin da ke nuna shi a taswira.

Wata biyu aka yi ana zama. Hakimi ya aika aka kira Arɗo, liman ya zauna, aka buga wa na Legas waya aka sa a amsa-kuwwa. Babban magajin ya ce, "Ranka shi daɗe, ba mu hana gari ruwa, amma ƙasar ubanmu ta. In munka ba da, mi za mu gwada ma ɗiyanmu?" Liman ya tunatar da hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, amma ya ƙara da cewa wannan bai halatta karɓar gonar wani ba da yardarsa ba, kuma rabon macen sai an ji daga bakinta. Aka tura ƙaninta da kawuna suka same ta. A ƙarshe aka yi musaya: gari ya ba magadan wani fili daga ƙasar da ke hannun hakimi, wanda ya fi nasu faɗi ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Arɗo ya ɗauki alkawarin cewa shanu za su shigo ta mashaya ɗaya daga ɓangaren burtali, kuma ba za a buɗe ta ba sai an kawar da amfanin gona. Aka rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, aka kai wa uban ƙasa, aka kuma kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma, domin a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen karkara suna ƙarƙashin kulawarta.

Ni a ganina wannan wata biyun ya fi duk abin da na yi a kwamfuta daraja. Yanzu da ake da manyan shirye-shirye irin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da tanadin ruwa a yankuna masu ƙarancin ruwa, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, za a haƙa tafkuna da yawa a ƙasar nan. Ina fatan masu zaɓen wuraren za su ware kuɗi da lokaci don ramin gwaji da zaman ƙofar hakimi kamar yadda suke warewa don taswira.

Zurfi maimakon faɗi

Mun tsara tafki mai mita 50 a 40 a baki, zurfin mita 4, gefunansa a kishingiɗe don kada su rufta, aka bar laka fiye da mita ɗaya tsakanin gindinsa da farin dutse. Yana ɗaukar wajen lita miliyan biyar da rabi. Tsohon dam ya fi shi ɗauka, yana kai miliyan bakwai. Da na faɗi haka a taro wasu suka ɓata rai, suna ganin an tara kuɗi za a yi abin da bai kai na da ba. Na roƙi a kawo faranti da kofi, na zuba ruwa daidai wa daida a cikinsu, muka ajiye a rana a ƙofar masallaci. Bayan kwana uku farantin ya bushe, kofin yana da fiye da rabi. Fuskar tsohon dam murabba'in mita 6,000 ce, ta sabon 2,000, rana kuwa da fuska take ci. Katafila mai turawa ta fi son aiki mai faɗi marar zurfi, kuma shi ne ke cika ido ranar buɗewa. Mu mai haƙa da cokali muka ɗauko.

Filin da ke zubo wa Giyayyu ruwa ya kai kadada 30, rabinsa fako ne mai tauri wanda ruwa ke gudu a kansa. Ko a shekarar da aka sami milimita 450 kawai, in kashi 15 cikin ɗari ya gangaro, an sami lita miliyan 20, kusan ninki huɗu na cikin tafkin. Ke nan cika ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne yawan ruwan da yashin da zai kwaso. Aka yi mafita mai faɗi da aka shimfiɗa wa duwatsu don rarar ta wuce, aka haƙa ƙaramin rami a gaban mashigar don yashi ya kwanta a ciki. Gindin tafkin kuma aka yayyafa masa ruwa aka kora shanu suka yi ta zagaye a kai har lakar ta daddale.

Wasu samari da suka yi aiki a jihar Tawa ta Nijar suka kawo shawarar a yi tassa a kan fakon. Tassa ƙananan ramuka ne da ake haƙawa da rani a zuba taki, ruwa ya taru a ciki a shuka gero ko dawa. Ta bazu ne a yankin Illela ta Nijar, ba tamu ta bakin iyaka ba, bayan wasu manoma sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake yi. Dabara ce mai kyau, amma duk ruwan da tassa ta kama bai iso tafki ba. Tun da akwai rara, aka bar musu saman fakon, ƙasansa kuma aka jera duwatsu a kwance aka dasa gamba, don su rage wa ruwa gudu su tace ƙasa ba tare da sun tsare shi ba. Ragowar kuɗin aka sa wa ajujuwan firamare indararo da tankuna biyu na lita 5,000. Rufin kwano mai murabba'in mita 150 yana iya ba da lita 72,000 a damina, jarka 2,880 mai lita 25 ke nan, amma tankunan biyu a haɗe ba su ɗaukar ko kashi ɗaya bisa bakwai na wannan.

Damina ta farko

Tafkin ya cika a ruwa na uku mai ƙarfi, tun Yuli bai ƙare ba. Mun kafa ƙarfe mai alamar santimita a gefensa, wani malamin firamare yana karantawa kowace Juma'a yana rubutawa a littafi. Daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, kafin a buɗe mashaya, ruwan yana sauka ne kusan daidai da abin da rana kaɗai za ta sha, alamar gindin ya riƙe. Tsohon dam ya ƙafe a lokacinsa na kullum. Giyayyu ya ratsa sanyi, ya shiga bazara, ya ƙare a mako na uku na Maris.

Bai kai damina ba. Lissafinmu ma bai ce zai kai ba: in ka haɗa lita 20,000 na amfani da wajen 12,000 na rana da ƙasa, miliyan biyar da rabi kwana 170 ne. Amma wata uku aka ƙara a kan na da, kuma a cikin watannin nan layin bakin rijiya ya ragu har mata suna gama ɗiba kafin hantsi. Afrilu da Mayu, waɗanda suka fi kowane lokaci tsanani, suna nan yadda suke.

Abubuwa biyu sun zo da ba mu shirya musu da kyau ba. Ramin yashi ya cika tun a Agusta, ba wanda aka ɗora wa kwashe shi, sai yashi ya tsallaka ya kwanta a gindin tafkin kusan kamu ɗaya. Sannan daga Janairu garkunan da ba na garin ba suka fara sauka, wasu daga nesa, waɗanda ba sa cikin yarjejeniyar Arɗo. Kwamitin tafki ya rabu biyu: masu cewa a karɓi wani abu a kan kowane garke a yi amfani da shi wajen yasa, da masu cewa ba a sayar wa dabba ruwa. Liman ya ba da shawarar a kira shi kuɗin gyara, kuma kada a kori wanda ba shi da shi. Har na baro garin ba a tsayar da magana ba.

Tsohon maginin rijiya ya sa jikansa ya kai shi bakin tafkin bayan ya ƙafe. Ya sauka a hankali, ya caka sandarsa a gindin, ya ce lakar tana nan lafiya, sai dai a kwashe yashin kafin ruwan farko, kuma kada a bari mai katafila ya ƙara ko kamu ɗaya a zurfi. Ya nuna wani wuri kamar taki hamsin a kudu inda yake zaton lakar ta fi kauri. Kawuna ya ce in dawo bayan salla da jarkoki da kara mai alama, za a haƙa ramin gwaji a can.